Gwamnoni Da Baitulmali: Ina Ranar Mai Kaya Ta Shiga?

Masu iya magana sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Duk wanda ya bi diddigin tarihin gwamnonin jihohin Nijeriya tun daga shekarar 1975, zai tarar wannan rana ɗaya ta sha zuwa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. An kafa kwamitocin bincike, an ƙwace gidaje da filaye, an tuɓe wa hafsoshi anini, an ɗaure tsofaffin gwamnoni shekaru masu yawa, har talakawa suka yi ta barka da arziki a kasuwanni da tashoshin mota. To, amma abin lura shi ne abin da kan biyo baya idan ƙura ta lafa. Da wuya a sami hukuncin da aka yanke wa wani gwamna a ƙasar nan wanda ba a dawo an kwance shi ba, ko dai ta hanyar rangwame, ko ta mayar da dukiya, ko kuwa ta afuwa. Watau kamun gwamna bai taɓa gagarar Nijeriya ba. Abin da ya gagare ta shi ne barin hukunci ya tsaya inda alƙali ya ajiye shi.

Tushen labarin

A shekarar 1974, lokacin da kuɗin man fetur ya fara kwararowa jihohi 12 na wancan zamani, wani ɗan Jihar Binuwai da Filato mai suna Aper Aku ya je kotu a Jos ya yi rantsuwa a rubuce, yana zargin Gwamnan jihar, Kwamishinan 'Yan Sanda Joseph Gomwalk, da yin wasa da dukiyar jama'a. Shugaban Ƙasa Janar Yakubu Gowon ya fito ya wanke gwamnansa, aka kuma kama mai ƙarar aka tsare. Wannan al'amari na cikin abubuwan da suka zubar da mutuncin gwamnatin Gowon a idon jama'a, domin kowa ya ga gwamnoni sun zama shafaffu da mai, ba mai iya taɓa su.

Da Janar Murtala Ramat Muhammed ya karɓi mulki a watan Yuli na 1975, sai ya sauke gwamnonin baki ɗaya, ya kafa kwamitin binciken dukiyarsu. A farkon 1976 aka bayyana sakamako. Daga cikin mutum 12 da suka riƙe jihohi, biyu kaɗai suka fita da hannu fari, su ne Birgediya Mobolaji Johnson na Jihar Ikko da Birgediya Oluwole Rotimi na Jihar Yamma. Sauran 10 aka same su da laifi, aka kori masu kayan sarki a cikinsu daga aiki, aka kuma ƙwace kadarorin da darajarsu ta kai kimanin Naira miliyan 10, a zamanin da Naira ta fi dalar Amurka ƙarfi. Jama'a suka ce madalla, daga yau an rufe wannan babi.

Ashe ba a rufe ba. A zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida aka mayar wa da dama daga cikin waɗannan mutane kadarorinsu, aka kuma maido musu da girman muƙamansu na soja. Ƙaramin hafsan da ya ga abin da Murtala ya yi a 1976 ya tsorata, shi ne kuma ya ga abin da aka yi bayan shekaru goma sha, ya gane ashe haƙuri kawai abin yake bukata.

Kotunan soja na 1984

Zagaye na biyu ya zo ne bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983, wanda ya kawar da Jamhuriya ta Biyu. Gwamnatin Manjo Janar Muhammadu Buhari ta kafa Dokar Soja ta 3 ta 1984, wadda ta samar da kotuna na musamman don ƙwato dukiyar jama'a. Mafi ƙarancin hukunci a ƙarƙashin dokar shi ne ɗaurin shekara 21, kuma wanda ake tuhuma shi ke da nauyin nuna cewa ba shi da laifi. Gwamnoni na kowace jam'iyya suka shiga hannu: Bisi Onabanjo na Ogun, Ambrose Alli na Bendel, Jim Nwobodo na Anambara, Melford Okilo na Ribas, Solomon Lar na Filato, Adamu Atta na Kwara, da Muhammadu Abubakar Rimi da Sabo Bakin Zuwo na Kano. A gidan Bakin Zuwo, wanda wata uku kacal ya yi yana mulki, aka ce an sami tsabar kuɗi Naira miliyan 3.4, har yau kuma ana danganta masa maganar nan ta cewa ai kuɗin gwamnati ne aka gani a gidan gwamnati.

A cikin waɗanda kotunan suka ɗaure har da Aper Aku, mai rantsuwar 1974, wanda ya zama Gwamnan Binuwai daga 1979 zuwa 1983. Mutanen Binuwai da yawa na yabon ayyukan da ya bari, suna kuma ganin an zalunce shi. Ko ma mene ne gaskiyar wannan, labarinsa ya nuna cewa kujerar gwamna, yadda aka gina ta a ƙasar nan, tana iya kai mai ƙarar jiya gaban alƙali gobe.

Dole ne a faɗi gaskiya, waɗannan kotuna suna da nasu aibi. A asirce aka yi shari'o'in, babu damar ɗaukaka ƙara, Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya kuma ta hana 'ya'yanta bayyana a gabansu. Dattijo Michael Ajasin na Ondo an gurfanar da shi ba a same shi da laifi ba, aka sake gurfanar da shi ba a samu ba, duk da haka aka ci gaba da tsare shi. Wannan gaggawa da rashin bin ƙa'ida su suka ba da ƙofa. Da Babangida ya hau a watan Agusta na 1985, sai ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Mohammed Bello don sake duba hukunce-hukuncen, aka rage shekaru, ba a daɗe ba kuma aka buɗe ƙofofin gidajen yari. Wanda aka zalunta ya fita, wanda ya ci amana ma ya bi bayansa, aka rasa mai rarrabe tsaki da tsakuwa. Kafin a ce kwabo, wasu daga cikinsu sun zama ministoci, wasu sanatoci, wasu shugabannin jam'iyya.

Rigar sulke ta Sashe na 308

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, tsarin mulkin ƙasa ya ba gwamna da mataimakinsa kariya a Sashe na 308: ba a kama su, ba a gurfanar da su gaban kotu muddin suna kan kujera. Kotun Ƙoli ta yanke a 2002, a ƙarar da lauya Gani Fawehinmi ya shigar, cewa ana iya bincikensu, sai dai tuhuma ta jira saukarsu. Wanda ya yi shekara 8 yana riƙe da makullin baitulmali kuwa, ya sami isasshen lokacin ɓatar da sawu da tanadar kuɗin lauyoyi. A watan Satumba na 2006 shugaban Hukumar EFCC na lokacin, Malam Nuhu Ribadu, ya shaida wa Majalisar Dattawa cewa ana binciken gwamnoni 31 daga cikin 36. Mai karatu ya ƙirga da yatsunsa nawa ne daga cikinsu suka kwana a kurkuku.

Diepreye Alamieyeseigha na Bayelsa a Landan aka kama shi a watan Satumba na 2005, 'yan sandan Ingila suka ce sun sami tsabar kuɗi kusan fam miliyan 1 a gidansa na can. Aka ba da belinsa, ya sulale ya dawo gida ya koma kan kujerarsa, sai a watan Disamba majalisar jihar ta tsige shi. A 2007 ya amsa laifinsa, aka ɗaure shi shekara 2, amma da aka lissafa zaman da ya yi a tsare sai ya zama ya riga ya gama. A watan Maris na 2013 Shugaba Goodluck Jonathan, wanda shi ne mataimakinsa a Bayelsa a da, ya yi masa afuwa.

Lucky Igbinedion na Edo kuwa sulhu ya yi da masu ƙara a watan Disamba na 2008. Aka taƙaita tulin tuhume-tuhumensa zuwa guda 1, ya yarda ya mayar da Naira miliyan 500 da gidaje 3, kotu ta ci shi tarar Naira miliyan 3.5, ya biya ya kama hanyar gida. A ƙasar da ake ɗaure ɓarawon akuya shekaru, wannan tara ba ta fi kuɗin goro ba.

Sai James Ibori na Delta. A watan Disamba na 2009 Babbar Kotun Tarayya da ke Asaba ta yi watsi da tuhume-tuhume 170 da aka yi masa. Mutumin nan dai shi ne aka kama a Dubai a 2010, aka miƙa shi Ingila, ya tsaya gaban kotun Landan a 2012 ya amsa laifi da bakinsa, aka ɗaure shi shekara 13. Abin da kotun gida ta ce ba ta gani ba, mai laifin ne da kansa ya ce akwai shi. Da ya dawo a watan Fabrairu na 2017, dubban mutane suka tarye shi a garinsu Oghara da kaɗe-kaɗe da raye-raye, kamar wanda ya dawo daga yaƙi da nasara. Abin da Ingila ta maido wa Nijeriya a 2021 daga dukiyar da aka ƙwace a shari'arsa fam miliyan 4.2 ne.

Shekara 11 a kotu, shekara 4 a Kuje

Babu shari'ar da ta fi nuna yadda ranar mai kaya ke gajarta kamar ta Joshua Dariye, Gwamnan Filato daga 1999 zuwa 2007. Duk wanda ya san ƙasar Jos, Bukuru da Barikin Ladi ya san kududdufan da masu haƙar kuza suka bari tun zamanin Turawa, ramuka masu zurfi da suka cinye gonaki, suna kuma cin rayukan mutane da dabbobi. A 2001 Gwamnatin Tarayya ta ba jihar Naira biliyan 1.162 daga asusun kula da muhalli. Kotu ta tabbatar daga baya cewa gwamnan ya karkatar da kuɗin.

A watan Satumba na 2004 aka kama shi a Landan, aka ba da belinsa, ya tsere ya dawo ƙarƙashin inuwar Sashe na 308. A 2007, bayan saukarsa, EFCC ta gurfanar da shi a Abuja. Daga nan lauyoyi suka shiga jan ƙafa, suna gardama kan ko kotun na da hurumin sauraron ƙarar, har sai da magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta ce a 2015 a koma a yi shari'a. Cikin wannan tsakani mutanen Filato ta Tsakiya sun zaɓe shi Sanata a 2011, suka sake zaɓensa a 2015. Sai a watan Yuni na 2018 Mai Shari'a Adebukola Banjoko ta ɗaure shi shekara 14. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa 10, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da 10 ɗin a watan Maris na 2021.

Wannan alƙaliya dai ita ce ta ɗaure Rabaran Jolly Nyame, tsohon Gwamnan Taraba, shekara 14 a watan Mayu na 2018, kan kuɗin da suka kai Naira biliyan 1.64, ciki har da Naira miliyan 250 da aka fitar da sunan sayen kayan rubutu na ofis. Aka rage masa zuwa shekara 12, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2020. A karo na farko a mulkin farar hula, an sami tsofaffin gwamnoni biyu da aka bi da su ta kowace ƙofa ta shari'a, a fili, da lauyoyinsu, tun daga ƙaramar kotu har zuwa babba, ba wanda zai ce an yi musu irin ta 1984.

Ran 14 ga Afrilu, 2022, Majalisar Ƙasa ta zauna, aka sanar da afuwa da sassauci ga mutum 159, ciki har da Dariye da Nyame, bisa dalilin tsufa da rashin lafiya. A watan Agusta suka fita daga gidan yarin Kuje. An yi shekara 11 ana shari'ar Dariye, ya yi shekara 4 da 'yan watanni a ɗaure. Shugaban da ya sa hannu kuwa shi ne Muhammadu Buhari, wanda ya kafa Dokar Soja ta 3 a 1984.

Su wa ke ba da shawarar afuwa?

Sashe na 175 na tsarin mulki ya ba Shugaban Ƙasa ikon yin afuwa bayan ya shawarci Majalisar Ƙasa. To, su wane ne 'yan wannan majalisa? Ban da Shugaban Ƙasa da mataimakinsa, da tsofaffin shugabanni, da tsofaffin Alƙalan Alƙalai, da shugabannin majalisun tarayya biyu da Antoni Janar, akwai gwamnonin jihohi 36 gaba ɗayansu, su ne ma mafi rinjaye a zauren. Ke nan idan sunan tsohon gwamna ya zo gaban majalisar, waɗanda za a tambaya ra'ayinsu mutane ne da kowannensu zai zama tsohon gwamna nan da 'yan shekaru. An ba kura ajiyar nama, ana kuma mamakin ba a tarar da ko ƙashi ba.

Masu kare afuwa suna da hujjojinsu, kuma ya dace a saurare su. Suna cewa jinƙai halin shugabanni ne, tsoho marar lafiya ba ya ƙarar da kowa da komai a kurkuku. Suna kuma cewa kamun gwamnoni a ƙasar nan yakan bi iskar siyasa, wanda ya ɓata da fadar Shugaban Ƙasa shi ake farauta, na kusa da ita kuwa ana kawar da kai. Wannan magana ta biyu tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai maganin kama mutum biyu a bar talatin shi ne a kamo sauran, domin sakin biyun bai mayar wa talaka da ko sisi ba. Game da jinƙai kuwa, gidajen yarin Nijeriya cike suke da tsofaffi da marasa lafiya, mafi yawan mazauna cikinsu ma jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Rahamar da ke tsallake waɗannan duka ta sauka kan mai gidan sama a Abuja, sunanta alfarma.

Asarar da ake yi ta wuce kuɗin da aka ɗauka. Hausawa na cewa gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, wannan kuwa shi ne amfanin hukunci tun asali. Jami'in binciken da ya ƙi cin hanci ya yi shekaru yana tara takardun banki, da akawun da ya yi ta maza ya ba da shaida a kan maigidansa, da alƙalin da ya toshe kunnensa daga roƙon manya, duk sun ga ƙarshen wahalarsu a takardar afuwa guda. Gobe in aka kawo musu wata ƙarar, da wace zuciya za su karɓe ta? Sabon gwamnan da ya sha rantsuwa kuwa ya riga ya yi lissafinsa: shekara 8 na kariya, shekara 10 na jan ƙafa a kotu, in abin ya ɓaci shekara 4 a Kuje, daga nan sai gida da taron barka da dawowa.

Laifin bai tsaya a Abuja ba. Majalisar dokokin jiha ita tsarin mulki ya ɗora wa alhakin duba yadda gwamna ke kashe kuɗi, da karɓar rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha, da tsige gwamna in ya ci amana. Gwamna na farko da aka tsige a tarihin ƙasar nan shi ne Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na Kaduna, a watan Yuni na 1981, shi kuwa rikicin jam'iyyar PRP da NPN mai rinjaye a majalisa ne ya ci shi, har ya bar duniya ana shaidarsa da tsabtar hannu. Majalisun da suka biyo baya kuwa yawancinsu sun zama 'yan amshin shata. Kuɗin da ake kira na tsaro ana kashe su ba tare da bayani dalla-dalla ga jama'a ba. Kason ƙananan hukumomi ya daɗe yana maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnoni, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa biyan su kai tsaye. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: jama'ar da ke zaɓen mutum Sanata alhali yana gaban kotu kan kuɗin gyaran ƙasarsu, da masu naɗa wa irin waɗannan mutane rawani, da masu kiransu su shugabanci taron neman taimako, duk suna da nasu kaso.

Abin da ya rage

Gyara ba ya bukatar sabuwar hukuma, waɗanda ke akwai sun isa. An riga an toshe ƙofa guda a 2015, da aka kafa dokar gudanar da shari'ar manyan laifuffuka wadda ta hana a dakatar da shari'a saboda ƙananan ƙorafe-ƙorafen lauyoyi. Saura ƙofar fita. Ya kamata Majalisar Tarayya ta gyara Sashe na 175 yadda wanda kotu ta tabbatar ya ci dukiyar jama'a ba zai shiga jerin afuwa ba sai ya mayar da abin da ya ɗauka kaf, ya kuma yi mafi yawan wa'adinsa. A buga sunayen waɗanda ake so a yi wa afuwa da dalilan yin ta a jaridu kafin a zauna, don mutanen jihar da aka cuta su sami bakin magana. Gwamnoni kuma su janye jikinsu daga shawara duk lokacin da sunan tsohon gwamna ya taso. Dukiyar da aka ƙwato a mayar da ita jihar da aka ɗauke ta, a gina makaranta ko asibiti, a rubuta a jikin bango inda kuɗin suka fito, domin abin da ya zama aji da ɗakin haihuwa ba mai iya mayar wa wani da shi ta hanyar doka.

Tun daga Murtala zuwa yau kimanin shekara 50 ke nan, jihohi sun tashi daga 12 zuwa 36, kuɗin da ake tuhuma a kansu sun tashi daga miliyoyi zuwa biliyoyi. Mai kaya, watau manomin Barikin Ladi da malamin makarantar Jalingo da masuncin Bayelsa, bai nemi a rataye kowa ba. Abin da yake nema shi ne in kotu ta ce shekara 10, to, ta zama shekara 10, kamar yadda take zama a kan ɗansa in ya saci buhun masara. Allah Ya kyauta.